Gidan Inna a Jikin Katako

Ranar wata Talata ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Kawu Lawali ya shigo gidanmu na Talata Mafara da buhu a kafaɗa, laka har gwiwarsa. Ina tsakar gida ina tsince tsakuwa daga shinkafa, hayaniyar kasuwa tana zuwa daga nesa. Ya dire buhun a gindin turmi ya zauna a kansa yana haki. Mahaifiyata ta zaci ɗan hatsi ya samo daga ƙauye. Da ta tashe shi ta kwance bakin buhun sai ga ɓarɓashin jar ƙasa da aka kankaro daga bango, da damin bunu, da guntun asabari, da sakaina, da tsohuwar igiyar guga. Ta dube shi ta ce, "Lawali, ka sai da ranka ka tafi can, abin da ka ɗauko ke nan?" Ya ce, "Yaya, abin da ya saura ke nan."

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi da kakarmu, wadda kowa ke kira Inna, sun baro ƙauyensu na bayan Janbako a ƙasar Maradun tun farkon wannan daminar, lokacin da mutanen daji suka hana noma suka hana barci. Ya karanta zane a kwaleji, ya koyar da yara a can, amma a Mafara allunan shaguna yake rubutawa da bayan manyan motoci. Ita kuwa Inna yanar ido ta riga ta rufe mata gani. A gidanta ba a gane makantarta sosai, don ƙafarta ta san kowane tudu, hannunta ya san kowace ƙofa. A gidanmu sai ta koma baƙuwa. Ta yi karo da randa, ta taka kaskon wuta, rannan ta nufi bayan gida ta ɓulla a turken awaki. Daga nan ta daina yawo. Ta zauna a tabarma a bakin ɗaki, tuwonta yana komawa kusan yadda aka kawo shi, kowa ya gaishe ta sai ta tambaye shi ko an ce hanya ta yi kyau.

Mahaifina ya bar wa Kawu wani ɗakin ƙasa da muke ajiye buhunan shinkafar da ake nomowa a gonakin ban ruwa na kanal. Nan ya maida wurin aikinsa. Ni yarinya ce marar magana. A makaranta, idan ana 'yar gala-gala ko carafke, nakan tsaya gindin dogon yaro ina riƙe wa 'yan ajinmu takalma, kuma ko na san amsa a aji ba na ɗaga hannu. Saboda haka zama a dokin ƙofar Kawu bayan na gama wanke-wanke bai yi mini wuya ba. Bai kore ni ba, bai kuma cika yi mini magana ba. Ba ya zana fuskar mutum, don ɗan gidan malamai ne, a hannun mahaifinsa ya koyi dafa tawada. Yana dai gwada abubuwa ba ji ba gani. Ya haɗa fenti da lalle, ya haɗa shuni da farar ƙasa, ya niƙa gawayi, ya manna ɓuntun shinkafa a takardar siminti ya shafe da ruwan goro. Wani ya tsattsage idan ya bushe, wani ya koɗe cikin kwana biyu, wani ya yi wari har mahaifiyata ta ce a fitar mata da shi. Sai ya dube shi ya ce, "To, mun ji naka," ya jingine ya kama wani.

Bayan an yi girbi ya samo babban katako, tsawonsa ya kai ƙofa, ya kwantar a ƙasa. A kansa ya shiga gina gidan Inna kamar yadda tsuntsu zai hango shi daga sama. Ya jiƙa jar ƙasar nan ya tayar da bango mai kaurin yatsa. Ya yi rufi da bunu, ya sa guntun asabarin a ƙofar ɗakinta, ya kafa sakaina a wurin rumbu, ya naɗe igiyar guga a inda rijiya take. Mutanen gidan kuwa da ƙyalle ya yi su. Kowa guntun tufarsa ne a inda ya saba zama: bakin rawanin marigayi kakanmu a zaure, gefen zanen Inna a gindin murhu. Sararin da ya rage ya bi shi da fenti, rawaya da kore da wani baƙi-baƙi ta wajen daji.

Abin mannawa ne ya ba shi wahala. Da ƙaro ya fara, irin wanda ake sa wa tawada, amma ɗan abin da yake da shi ya ƙare tun bango bai zagaye ba. A kasuwa kuma ƙaro ya yi wuya, domin masu shiga daji su ɗebo shi sun daina shiga. Ya sayo gam na kanti ya gwada a kusurwa ɗaya, ya kamo hannun Inna ya ɗora. Ta shafa ta janye. "Wanga ba ƙasarmu ba ta," ta ce. "Santsi shikai kamar bokitin roba." Sai ya tafi wurin masu wankin hula ya ga yadda suke dama sitacin rogo, ya dawo ya dama nasa a tsohon gwangwani, ya ƙara ɗan ƙullun gero don ya yi kauri. Ya kama sosai, kuma idan ya bushe ƙasar tana nan da kaushinta. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Kai kuma kunu kake ba katako?" Muka yi dariya. Babu wanda ya yi tunani ya wuce nan.

Ranar da ya gama, ya jingina shi da bango ya kawo Inna. Ta durƙusa, ta fara daga ƙasa, ta sami zaure. Na ga yatsunta sun tsaya a kan rawanin, sannan suka wuce, suka karya dama ba tare da an gaya mata ba, suka bi bango har ƙofar ɗakinta. Ta kai hancinta ta shinshina. Can ta ce, "Lawali, rumbun ga ya matso rijiya da yawa. Kai da anka haifa nan, kunya ba ta kama ka?" Ya ce zai gyara. Ta ce, "Bar shi, raggo. Na gane gida." A ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Duk ranin nan, kowace safiya kafin in tafi makaranta ni nake kai ta ɗakin. Takan ce mini, "Ƙawata, taho ki kai ni gida." Sai in bar ta a can in tafi. Idan na dawo in tarar da ita wani lokaci da matan ƙauyensu da suka warwatsu a Mafara da Bakura, suna shafawa suna gardamar inda tsamiya take. Wasu har da guntun ƙyalle suke zuwa, su ce Kawu ya sa musu wane a bakin zaure, don kullum can yake zama.

Da damina ta sake sauka, bangon ɗakin ya fara jiƙa daga ƙasa. Ni na fara ganin abin. Wata safiya na hangi ɗan gari-gari mai laushi a dabe, daidai ƙarƙashin katakon, da tururuwa a jere suna fitowa daga bayan rumbu kowace da ɗan fari a baki. Na leƙa bayan katakon na ga siririyar hanyar gara ta hau daga gindin bango. Na ruga na kama rigar Kawu, na jawo shi na nuna masa. Ya durƙusa ya duba, ya danna bangon gidan da yatsa, yatsan ya shige. "Abinci na ba su," ya ce a hankali. "Da hannuna na dama masu."

Babu abin da ba a gwada ba. Aka rataye shi a azara da igiya, kyankyasai suka sauko ta igiyar. Aka ɗora shi a kan benci aka tsoma ƙafafun bencin cikin gwangwanayen kananzir, sai fumfuna ta yi masa fari saboda laima. Aka fitar da shi rana, ƙasar ta tsattsage, hadari kuma ya taso muka kwasa da gudu, rufin ɗaki ɗaya ya faɗo a hanya. Mahaifiyata ta barbaɗa toka, ta yi hayaƙin ganyen dogon yaro. Mahaifina ya kawo maganin ƙwari na gona, Kawu ya fesa kaɗan, Inna ta shiga ta yi tarin da ya tsorata kowa, aka daina. Garar ma ta riga ta shige cikin katakon, ba a ganinta, sai dai idan na kanga kunne in ji wani ƙas-ƙas siriri. Kawu ya zazzage buhun don ya yi faci, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Ya ce zai koma ƙauye ya ƙaro ƙasa. Mahaifiyata ta tsaya a ƙofar zaure ta ce sai dai ya bi ta kanta, don a makon ma an tare mutane a hanyar. Ya koma ɗaki ya zauna. Ni kuma kullum ina sharo garin da ya zubo, in zuba a murfin kwano in kai masa, ya karɓa ya ce na gode, duk mun san ba zai koma inda ya fito ba.

Kwanaki muna yi wa Inna dabara, a ce fenti bai bushe ba, a ce ana gyara. Wata safiya ta miƙo mini hannu ta ce, "Ƙawata, ko ki kai ni ko in tahi da rarrafe." Na dubi Kawu, ya sunkuyar da kai. Na kai ta. Ta sami zaure, rawanin yana nan. Ta karya dama, yatsunta suka faɗa rami inda bango yake a da. Ta lalubi ƙofar ɗakinta, asabarin ya marmashe a hannunta. Ta murza garin tsakanin yatsu ta daɗe. Kawu ya fara cewa, "Inna, zan sake..." Ta katse shi. "Da mi? Bar shi, Lawali. Can ma hakanan yake yanzu. Damina biyu ba yaɓe, ba kowa ciki. Ba ka yi ƙarya ba." Ta goge hannunta a zane ta ce in maida ta tabarmarta. Ba ta sake cewa a kai ta gida ba, ba ta kuma sake tambayar kowa labarin hanya ba. Kafin wata daminar ta zagayo ta rasu, aka binne ta a Mafara.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare. Kawu yana nan yana gwaje-gwajensa, a wani shago mai siminti kusa da titin Sakkwato. Ya koyi gam ɗin da ƙwaro ba ya ci, yana shafe aikinsa da man da ke hana laima, ya rufe da gilashi. Baƙi suna tsayawa su ɗauki hoto da waya, wasu ma su saya. Aikin ya fi na da kyau, ni ma na sani. Amma idan na je nakan tsaya da hannuwana a baya kamar kowa, don ba a taɓawa, ba shi kuma da ƙamshin komai. Matan nan da ke gardamar tsamiya wasu sun rasu, wasu sun yi gaba, jikokinsu da muke aji ɗaya ba su san ta wace kusurwa ake shiga ƙauyen ba. Tun ina ƙarama na iya ganin abu yana lalacewa, tsayar da shi ne har yau ban iya ba.