Wasiƙun Uwar Fayil

Shekara ashirin da shida na yi ina masinja a kamfanin da muke rarraba kayan gini, kuma a duk tsawon zamana ban ga mai sanin takarda kamar Uwar Fayil ba. Haka kowa ke kiranta, har manaja. Ɗakinta na ƙarshen baranda, ba taga, sai kantoci har rufi da fanka mai kuka. Ka faɗa mata shekara da sunan mai kaya, ba ta tashi, sai ta nuna da baki: "Kanta ta uku, mai koren bango."

Mijinta shi ne mai kula da sito, muna ce masa Dogo. Tare suke zuwa, tare suke tashi. Da rana idan aiki ya hana su haɗuwa, sai su yi ta aika wa juna imel ta kwamfutar ofis, shi yana sito, ita tana ɗakinta. Nakan tsokane su in ce sun kashe mini sana'a. Dogo ya ce, "Baba, ai kai kana tsayawa shan shayi a hanya, wannan kuwa ba ya tsayawa."

Da Dogo ya rasu, ta gama takaba ta dawo aiki. Ba ta yawan magana. Amma kullum da safe, kafin ta taɓa fayil, sai na ga ta zauna tana buga wani abu a hankali. Wata rana na kawo takardu ta ce, "Baba, kada ka ce na zare. Adireshinsa nake rubuta wa. Saƙon ba ya dawowa, sai in ji kamar an karɓa."

Na ce Allah ya ji ƙansa. Me na sani game da kwamfuta?

A lokacin ne idonta ya fara hazo. Ni kaɗai na lura, don takan ce in karanto mata lambar fayil, wai tabaraunta ya yi ƙura. Da na matsa, ta roƙe ni in rufa mata asiri. Saura shekara biyu ta cika lokacin ritaya, ga 'yarta ta ƙarshe tana karatun jinya. Tana so ta lallaɓa har a yi mata aikin idon a hutunta, ba wanda ya sani.

Wata Talata manaja ya ce in kira ta. Ina tsaye bakin ƙofa da tire, don bai sallame ni ba. Ya yi mata magana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce an yanke shawara ta huta, saboda lambobi suna yi mata rawa a ido.

Ta gyara tabaraunta. Can ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan maganar mutum ɗaya na faɗa wa, kuma yana kabari."

Duk da haka ta ɗauka ni na tona mata asiri, na gani a yadda ta juyo. Sai manaja ya kira injiniyan kwamfuta. Shi ya yi bayani, kansa a sunkuye: a ƙa'idar kamfani, idan ma'aikaci ya bar aiki ko ya rasu, ba a rufe adireshinsa, ana juya duk saƙon da ya shigo zuwa ga manaja, don kada na abokan ciniki ya ɓata.

"Tun yaushe?"

"Tun satin rasuwar, Inna."

"Wata goma sha huɗu ke nan." Ta dubi manaja. "Duka ka karanta?"

Ya ce imel na ofis kayan ofis ne, kuma akwai takardar da kowa ya sa wa hannu. Ta ce ta san takardar, ita ta ajiye ta, kanta ta ɗaya. "Amma ko sau ɗaya ba ka iya cewa, baiwar Allah, akwai mai jin ki ba?"

Ya gyara biro a kan tebur.

Ran da za ta tafi ta roƙi injiniya ya buga mata wasiƙun a takarda. Ya tambayo, aka ce ba a fitar da bayanan kamfani. Kofin shayin Dogo kawai ta ɗauka. Na rako ta har titi, ta ce in yafe mata zargin da ta yi mini.

An yi mata aikin idon bara, tana gani tar. 'Yarta ta dakatar da karatu, tana aiki a wani kantin magani. Da na je gaishe ta na kai mata littafin rubutu da biro, na ce wannan ba mai juya shi zuwa ko'ina.

Ta yi godiya, ta shafa bangon littafin. Ta ce, "Na taɓa gwadawa a takarda, Baba. Da na rubuta sunansa sai in ji kamar akwai mutum tsaye a bayana."

Watan jiya na koma. Littafin na kan talabijin, a cikin ledarsa.