Huhun akuya a cikin kwano

A zamanin soja nake koyar da ilimin jikin mutum a kolej ɗin Filinge, kuma kayan aikina duka alli ne da allo. Zuciya na zana ta har na gaji, huhu ma haka, yara suna kwafa kamar masu zanen lalle. Jarrabawar ƙarshe ta matso, ni kuwa na rantse ƴan ajina ba za su shige ta ba sai sun taɓa abin da hannunsu.

Sai Allah ya kawo babbar Salla a kan gaɓa. Na ce duk wanda aka yi layya a gidansu ya kawo mini zuciya da huhu haɗe da maƙogwaro, da la'asar, a makaranta. Na maimaita kalmar ɗanye har bakina ya bushe.

La'asar na yi, na iske kwanoni jere a kan teburina, aji ya game da ƙamshi. Na buɗe na farko, soyayye. Na biyu soyayye har da yaji. Iyayen ƙasarmu ta Kurfai ba za su aika wa malamin ɗansu ɗanyen nama ba ko sama da ƙasa za su haɗe, abin kunya ne. Na ruga gida don in ceci na ragona, na tarar matata ta riga ta tsoma shi a mai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban fasa ci ba.

Da na koma, na samu wata dattijuwa a bakin aji, uwar wata ɗalibata, ta zo karɓar kwanonta. Su sai washegari za su yanka akuyarsu, abin da ta kawo ma na maƙwabta ne ta ɗiba mini. Na roƙe ta.

"Malam, ɗanye hwa ka ce? Mi mutane za su ce da gidanmu?"

"Inna, ba ci za mu yi ba, dubawa za mu yi."

Ta kalle ni kamar wanda rana ta taɓa. Daga baya ta ce, "Ni ka kawo shi da kaina, a ruhe. In kun gama dubawa in tahi da abuna."

Washegari da hantsi sai ga ta, kwano a ka, faifai a bisa, ta lulluɓe shi da zane. Ta ƙi zama, ta tsaya a ƙofa tana gadin namanta. Yara sun zo da kayan Sallarsu, na sa suka naɗe hannun riga. Muka tsaga zuciyar da reza, kowa ya zura yatsa a ɗakunanta huɗu, ya ji inda bango yake da kauri da inda yake da laushi. Wani ƙato da ke cika baki a aji ya fita waje shan iska, muka yi masa dariya.

Sannan na cire ƙwaryar bik, wato bututun biro, na soka a maƙogwaron, na miƙa wa ɗiyar dattijuwar. Ta cika baki ta hura. Huhun da ke kwance yamutse ya tashi, ya kumbura, ya yi haske har ya cika kwanon. Ta saki, ya koma ya kwanta.

Dattijuwar ta tako ciki, ta manta da takalminta a ƙafa.

"Tun ina ɗiya nike soya wanga abu," in ji ta, "ban san lumfashi shikai ba."

Na buɗe baki zan yi bayani, yarinyar ta riga ni. Ta kama hannun uwarta ta ɗora a kan huhun, ta nuna mata inda iska ke shiga da inda take haɗuwa da jini, da Hausa tsantsa, ba ta tsallake komai ba. Na ja da baya na jingina da allo, alfahari ya cika ni har idona ya kawo ruwa.

Dattijuwar ta ɗauke hannunta daga kwanon, ta dafa ƙirjinta, ta ja numfashi a hankali. Ta dubi ɗiyarta ta ce, "Ƙara hura min in gani."