Gubar da Aka Ce Ba Ta Haye Gada

Tare muka yi makaranta da Zdravko, kuma tun a lokacin sai ya karanci fuskar malami yake ba da amsa. Da ya girma, masana'antar sinadarai ta garinmu ta ɗauke shi aikin lissafa inda iskar guba za ta nufa idan tanki ya fashe. Ya zuba lambobi a kwamfuta, ta fitar da taswira, aka liƙa a ofishin magajin gari. Wai gubar tana isa gada za ta tsaya cak, unguwarmu da ke gangare a hayin kogi kuwa lafiya lau.

Ko mai shanya wanki ta san iska ba ta motsi da safe a kwarin nan, hayaƙi gangarowa yake ya kwanta mana a tsakar gida. Shi ma ya sani sarai. Amma in ya sa safiya a lissafin, dole a tashi unguwar, manaja kuwa ba ya son jin haka.

Kafin shekara ta zagayo ya kwashe matarsa da 'ya'yansa zuwa kan tudu. Uwarsa Nedka, maƙwabciyata, ta ƙi tashi. Ta katanga na ji su.

"Mama, ki taho mana, can ya fi daɗin zama."

"Kai ka zana taswirar ko wani? Ka ce nan lafiya. Ko ƙarya ka yi?"

Ya karɓi kwalbar yajin da ta haɗa masa, ya shiga mota. Tun ranar na daina amsa gaisuwarsa, don ƙyamarsa nake ji.

Wata safiya ta kaka, muna gasa tattasai a tsakar gida, jiniyar masana'antar ta ɗauki kuka. Hazo ruwan ɗorawa ya hayo gadar. Muka toshe hanci da jiƙaƙƙen tsumma muka nufi tudu. Na kama hannun Nedka, ta fizge.

"Ke Stoyanka, kun cika tsoro. Ɗana ya lissafa, ba za ta zo nan ba."

Kwana uku ta yi a asibiti, huhunta ya ƙone. Zdravko na tsaye bakin taga, ya kasa kallonta. Ta yafito ni, ta janye robar numfashi daga bakinta da ƙyar.

"Ki gaya wa mutane su bar zagin yarona. Iskar ce ta yi kuskure."

Ya ji ta. Har ta cika bai gaya mata gaskiya ba.