Keken da Na Cire wa Kariya

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, gidana na Kafanchan ya yi mini yawa. Matata ta rasu, yarana biyu sun tafi inda aiki ya kai su, sai dai waya ran Lahadi in sun tuna. Nakan dafa shinkafa kofi ɗaya in ci kwana biyu. Kaɗaici ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san ni tun ina yawo ba wando, ita ce yayata, can a wani ƙauye bayan Nok. Ita ma mijinta bai daɗe da rasuwa ba, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Abin da nake so ɗaya ne, ta dawo wurina da zama. Ga ɗakuna biyu a kulle, ga asibiti kusa saboda gwiwoyinta. Duk zuwan da zan yi sai na roƙe ta, ita kuma amsarta ba ta canzawa: "Auta, to awakina fa?" Da furfurata da komai, har yau Auta take kira na.

Zuwan ne wahala. Mota ta sauke ni a Kwoi, in hau mashin zuwa Nok, daga nan sauran tafiyar ƴar siririyar hanya ce ta cikin gonakin citta. Masu mashin kuwa, da sun ga tsoho da tabarau sai su ɗauka gwamna ne ya zo. Fansho nawa ne? Shi ya sa na ce keke zan saya, amma ba irin baƙin keken iyayenmu ba, wanda kwandasta zai ɗaure a saman mota ya caje ni kuɗin mutum guda. Mai sauƙi nake so, wanda ake naɗewa.

Na tafi wurin wani mai sayar da kekunan gwanjo a bayan kasuwa, da buhun bakko a hammata. Sharaɗina biyu: in iya ɗaga shi da hannu ɗaya, kuma ya shige buhun nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa ina ajiyewa kamar mai zaɓen kaza. Wani ya yi nauyi, wani sarkarsa ta ci tsatsa, wani kuma kuɗinsa sai ka rantse da inji a ciki. Can ƙarshe ya jawo wani ɗan kore mai ƙananan tayoyi, ya buɗe wani ƙarfe a tsakiya, keke ya naɗe gida biyu. Na ɗaga, ba laifi. Muka tura shi a buhu, ya shiga, sai kariyar baya, ƙarfen nan da ake ɗora kaya ko goyon mutum a kai, ta tokare, zif ya ƙi rufuwa.

Na ce, "Cire ta."

Ya ce, "Baba, ka tabbata? Keke ba kariya?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa na yi shekara da shekaru ina tsaye gaban allo, ba shi zai koya mini abin da nake so ba. Ya ɗauko sifana ya kwance ta, ya ɗan rage mini kuɗi, ya jefa ta kan tarin ƙarafa. Zif ya rufu. Na fito ina jin kaina, wai na yi dabara.

Kuma keken ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. In tura shi ƙarƙashin kujera, kwandasta ya harare shi ya wuce, ba kuɗin kaya. A Kwoi in buɗe abina in wuce masu mashin suna kallo. Yayata tana ganinsa jingine a ƙofa sai ta ce, "Wannan na yara ka ƙwato?" Ba ta taɓa duba shi da kyau ba, idonta ya riga ya yi rauni.

Sai ranar addu'ar cika shekara ta mijinta ta zo. A wurinmu, ranar nan ce mace ke ajiye baƙin kaya. Bayan sujada dattawan gidan miji su zaunar da ita gaban danginta su tambaye ta: za ta zauna a gidan, ko za ta bi nata? In ta ce za ta bi nata, ɗan'uwanta ne zai fita da ita, ranar, da kansa, a kan abin hawansa. Ba ta fita da ƙafarta ita kaɗai, dangin miji kuma ba sa kai ta, don kada a ce korar ta aka yi. Na san wannan sarai, a ciki na girma. Amma zaman gari ya sa na ɗauke shi kamar karatun da ake yi don a cika al'ada. Ta sha ce mini a'a, me zai canza?

Fasto ya rufe da addu'a, matan zumunta suka yi waƙa, aka ci abinci. Muka zauna ƙarƙashin mangwaro. Ƙanen mijinta, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya yi tambayar. Yayata ta gyara ɗankwali ta ce, "Zan bi Auta."

Kai! Na ji kamar in tashi in yi rawa. Ashe ta riga ta raba awakin, ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Mata suka fito da ƙullin, suka rako ta har inda na jingine keke. Mashin dai ba ta hawa, tun da ya taɓa kayar da ita ta yi wata uku a kwance, kowa ya sani. Tafiyar ƙasa zuwa Nok kuma ta fi ƙarfin gwiwoyinta. Ta miƙa hannu bayan sirdi tana laluben inda za ta zauna. Hannunta ya sauka a kan taya.

Ta sake lalubawa. Sannan ta ce, a hankali, "Auta, ina wurin zaman?"

Na fara bayani, wai nauyi, wai buhu, wai kwandasta. Ni da bakina! Ƙanen mijin ya ce ga nasa keken, babba ne, in ara. Ta girgiza kai ta ce ba za a ce a keken gidan nan aka fitar da ita ba. Na ce to ta hau sirdi in tura ta. Muka gwada, sirdin ɗan tsito ne, ta karkace, mata suka tare ta, wata ta yi dariya ta toshe baki. Yayata ta sauka ta karɓi ƙullinta daga hannun mai riƙe da shi.

Ta ce, "Ba komai. Ashe kai ɗaya ka shirya wa tafiyar."

Ta koma ciki da kayanta a gaban kowa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi.

Washegari da sassafe ina wurin mai kekuna. Kariyar ta tafi, ya sayar wa wani. Na kai keken wurin mai walda ya ƙera mini wata, mai kauri, na sa aka ɗaura mata soso da leda. Keke ya daina naɗewa, ya daina shiga buhu, kwandasta ya ɗaure shi a sama ya caje ni son ransa, na biya. Ran Asabar na isa ƙauyen ina haki.

Na same ta a tsakar gida tana tsince acca a tire. Awaki biyu sun dawo, suna ɗaure a turke. Na jawo keken har gabanta, na kama hannunta na ɗora a kan soson. Ta latsa shi ta ce ya yi laushi, mai waldan ya iya aiki.

Na ce, "To Yaya, tashi mu tafi."

Ta ce, "An tambaye ni sau ɗaya, Auta, na amsa. Kaya sun fita sun dawo. Ba zan sake sa mata su yi mini rakiya ba."

Na roƙa, na yi faɗa, na ce al'adar banza ce, na kawo maganar gwiwoyinta. Ta bar ni na gama, ta ce in zauna in ci abinci. Da rana ta yi sanyi ta juye accar da ta tsince a ƙaramin buhu, ta ɗora a kan soson, ta ɗaure da igiya da hannunta, ta ja ta ga ya yi tam. Ta ce in riƙa dafawa da yawa, na rame.

Na tura keken har bayan gonakin citta kafin na iya hawa.