Ranar da Motar Yawon Buɗe Ido Ta Bar Ni da Umma a Kufai

Shekarun baya, ban daɗe da fara aikin jinya a Dubai ba, na kawo mahaifiyata daga Kano aka yi mata aikin ido. Da ta warke sai na ce ba za ta koma gida da labarin bangon gidan hayarmu na unguwar Al Qusais kaɗai ba. Na ɗauki hutu muka tafi Antalya, a bakin Bahar Rum. Abokina da muke zama tare, mai harkar cargo, wato aika kayan 'yan kasuwa, a unguwar Sabkha ta Dubai, ya ce sai ya bi mu, wai ya san garin kamar yunwar cikinsa.

Washegarin isarmu muka shiga motar 'yan yawon buɗe ido, aka kai mu kufan wani tsohon birni can bayan gari. Ginshiƙan dutse ne tsaye, ga wani filin kallo mai matakala kamar za ta taɓo sama. Umma sai kallo take tana cewa, "Ikon Allah, su ma sun yi zamaninsu sun wuce." Ni kuwa sai hura hanci nake kamar ni na gina wurin.

Dab da za a tashi ta ce za ta yi azahar. Na leƙa mota na miƙa wa abokina jakarta, don in samu hannun riƙe ta a kan duwatsun nan.

"Maganin sugarta da dabinonta suna ciki. Ka ce wa direba ya ɗan jira mu."

Waya na kunnensa ya ce, "Khalas, shi ke nan, je ka kawai. Ina nan."

Muna dawowa muka tarar da fili fetal. Ba mota, ba alamarta.

Na kira abokin nawa, yana kan wata wayar. Na sake kira, haka. Rana ta take, wurin ba inuwar kirki. Umma ta zauna a kan wani dutse, can sai na ga gumi na karyo mata, magana tana sarƙewa. Aikina ne, na san sugarta ce ta yi ƙasa, kuma ko alewa babu a aljihuna. Na ruga wajen wata tsohuwa mai matse lemo a gindin bishiya. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma tana hango Umma ta cika kofi ta biyo ni da gudu. Ita ta tallabe mata kai har ta shanye.

Sai da Umma ta dawo hayyacinta sannan abokin nawa ya kira.

"Wai kuna ina ne? Mun iso wajen ruwan nan mai zubowa daga dutse. Wallahi ka ga kyau!"

Ashe jagoran tafiyar ya tambaye shi ko mutanensa sun cika, shi kuma yana ta musu da wani kwastoma a kan kwantena, sai ya ɗaga masa hannu kawai. Na ce ya kawo jakar nan yanzu, Umma ba lafiya. Ya ce to.

Muna zaune muna jira na duba waya, sai ga hotunansa ya ɗora, yana murmushi a gaban ruwa, jakar Umma rataye a kafaɗarsa. Bayan na gaya masa halin da take ciki ya tsaya ya ɗauke su.

Sai wajen la'asar ya iso a tasi. Yana fitowa ya ce, "Haba habibi, wannan ɗaure fuskar fa? Ai ga ta nan lafiya lau."

Ban san lokacin da na shaƙe masa wuyan riga ba.

"Sake shi," in ji Umma. "A ƙasar mutane za ka kunyata ni?"

Na sake shi. Ya durƙusa ya ce ta yi haƙuri, ta ce, "Ba komai ɗana, Allah ya kiyaye gaba."

Ita ta yafe tun a cikin tasin. Ni ban iya ba. Mantuwa ba ta dame ni ba, kowa na yi, ni ma ai na raba mai ciwon suga da jakarta. Abin da ya tsaya mini shi ne mutum ya ji uwar abokinsa na cikin wani hali, ya ga hoto ya fi gaggawa. Muna komawa Dubai na nemi wani ɗakin na tashi.

Har yau muna gaisawa in mun haɗu, na ma je ɗaurin aurensa. Bara da Umma za ta dawo ganin likita, ya ji labari ya kira ni, wai in bari ya ɗauko ta daga filin jirgi tunda ina bakin aiki. Na yi masa godiya sosai. Sannan na roƙi wani ya riƙe mini aikin, na je na ɗauko uwata da kaina.