Ashe Ba Firgita Ba Ce

Shekarun baya, lokacin da ko tayar mota ce ta fashe a Gombe sai kowa ya kwanta ƙasa, hannuna ya fara rawa. Ni kuwa zanen lalle ne sana'ata. Na zana wa wata amarya fure ya fito kamar sawun kaza, ƙawayenta suka yi ta dariya, na koma gida na sha kuka. Daga nan aka daina kirana biki.

Ga faɗuwar gaba, ga gumi, ina cin tuwo kamar manomi amma zani sai zamewa yake. Mahaifiyata ta ce, "Firgita ce. Tun da bam ɗin nan ya tashi ba ki dawo daidai ba." Kowa ya yarda, har ni, don a lokacin wa ya rasa firgita? Na sha rubutu har na gaji.

Rannan a ƙofar kasuwa, mai caje mutane ya gan ni, mace cikin dogon hijabi tana gumi, ido a waje, hannu na karkarwa. Ya ja da baya yana ihu, "Baiwar Allah, tsaya nan! Ɗaga hijabin!" Nan take layi ya watse. Na ɗaga, kunya kamar in nutse. Ledar lalle ce kawai a jikina.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba, wata nas 'yar unguwar Herwagana da nake yi wa 'ya'yanta lalle in Kirsimeti ta zo. Wuyana ta zuba wa ido. "Haɗiyi yawu in gani." Na haɗiya. Ta ce, "Sista, wannan ba tsoro ba ne. Gobe ki same ni a asibiti."

Aka ɗebi jini. Likita ya ce ƙwayar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ke zuba sinadari fiye da kima. Wasu ƙulli ne ke fito musu a cikinta, wasu sai bayan haihuwa. Ni garkuwar jikina ce ta rikice take zuga ta. Na ce, "Likita, zan ƙara zane?" Ya ce in dai na riƙe magani.

Na riƙe shi kuwa. Har yau abin yana taɓa ni, yadda tashin hankalin gari ya rufe mana ido muka kasa ganin ciwon da ke da magani. Ranar da na ja layi a tafin ƙanwata ya tafi samɓal, sai mahaifiyata ta matso. Hannunta kawai ta miƙo mini, ita da rabonta da lalle tun rasuwar babanmu.