Nef-turwar Hamajoda da ɓaunan rafin Lelewal

Hamajoda Gabdo maƙwabcina ne a Lelewal, kan hanyar Poli, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gajere ne, ba ya da yawan magana, yana noma masara da auduga kamar kowa. Abin da ya raba shi da mu shi ne ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun namun daji a sansanin farauta da ke bakin kogin Faro. Da ya bar aikin, mai sansanin ya sallame shi da tsohuwar bindiga ƙirar Jamus, ya yi masa takardunta.

Harsashinta ake kira nef-turwa, wato tara-uku da Faransanci. Tsawonsa bai wuce yatsa ba sosai. Hamajoda kan ce shi ne tsaka-tsaki: bai kai na giwa ba, wanda ke dukan kafaɗa kamar harbin jaki, ya kuma fi ƙananan nan da sai dai su ɓata wa babban nama rai. Da shi yake harbin barewa ba tare da ya lalata naman ba, da shi yake kayar da gwanki. In ya ƙare, ana samu a Garwa. Saboda haka in dabba ta addabi gonaki, Jauro mai garinmu ya samo izini daga ma'aikatan daji, Hamajoda ake kira.

Taubashinsa Bobbo, mai shago a bakin kasuwa, ba ya barinsa ya huta.

"Kai, bawana, wannan tsinken naka har yanzu yana tashi? Ka sayar mini in riƙa korar awaki."

"Awakin ma sun fi ka jarumta," in ji Hamajoda.

Wata damina babur ya kayar da shi, ƙashin kafaɗarsa ta dama ya karye. An ɗora, ya warke, amma hannun bai koma daidai ba. Ya daina zuwa daji. Yakan fito da bindigar ya shafa mata mai, ya mayar. Ya taɓa gaya mini cewa tsoro yake ji, kada ya harba ƙashin ya sake ɓallewa.

Ana cikin haka wani ɓauna ya sauko rafinmu. Tarkon waya ya yanke masa ƙafa, garke ya bar shi, ya zama mugu. Ya tattake gonaki, ya kashe jakin wani. Jauro ya samo izini, amma ma'aikatan suka ce sai mai babbar bindiga ya zo daga Garwa. Aka yi ta jira, bai zo ba.

Wata safiya, rana ta ɗaga, sai ga mata sun shigo gari a guje, ba tulu ba ɗankwali. Ɓauna ya fito musu a mashaya. Duk sun tsira, sai Asta matar Hamajoda, wadda ta haye tsamiya, dabbar na tsaye a ƙarƙashi.

Labari ya iske Hamajoda a gida. Ya shiga ɗaki ya ɗauko bindiga, ya cika ta. Na bi shi, Bobbo ma ya rufe shago ya biyo mu, ba wanda ya kira shi.

"Kafaɗar fa?" Bobbo ya tambaya. Karon farko ke nan da na ji ya yi masa magana ba tsokana.

"Za mu gani."

Muka zagaya ta bayan iska. Tun daga nesa muke jin muryar Asta tana zagin ɓaunan, tana haɗawa da iyayensa. Reshen da take kai ba shi da kauri, duk sanda dabbar ta tunkuyi gindin bishiyar sai ya yi lilo. Hamajoda ya ce mu tsaya a bayan suri. Shi ya matsa, ya durƙusa, ya ɗora bakin bindigar a kan kututture. Ya daɗe yana jira, har na fara jin haushinsa. Ashe so yake dabbar ta ba shi gefe.

Da ta juya, ya harba. Ɓaunan ya zabura, ya yi 'yar tafiya cikin ciyawa, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Hamajoda ya sake ɗana bindigar ya ƙara masa ɗaya, ya tsaya har numfashin ya ɗauke. Sannan ya ɗaga hannun dama sama, ya juya shi, ya sake juyawa, kamar ba nasa ba. Sai ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na zuba.

"Baban Nana!" Asta ta kira mijinta daga sama. "Dariya ka zo yi, ko sauke ni?"

"Yadda kika hau, haka za ki sauko."

"Na san yadda na hau ne?"

Sai da Bobbo ya koma gari ya ɗauko tsani. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta riƙe rigar mijinta, ta daɗe ba ta saki ba. Bayan haka ta tambayi inda tulunta yake.

Ma'aikatan daji suka zo da yamma, suka ɗauki ƙahon da fatar, suka bar mana naman. Kowane gida ya samu. Asta ta yi miyar yakuwa da nata kason, ta ce tsoho ne, tauri gare shi, amma sai ta cinye shi ko haƙoranta za su zube.

Kafaɗar ta yi masa tsami kwana biyu, ta saki. Da kaka ya koma daji, ya kawo gwanki don sunan jikarsa. Yanzu ya tsufa, idonsa ya rage, ba ya nisa, amma in dabba ta shiga gona har yau gidansa Jauro ke fara aikawa. Asta kuwa ta koma ɗiban ruwa a rijiyar makaranta, duk da ta fi nisa.